KATAKON TSINTUWA: NA WA NE, ME YA SHA?

Maganarmu ta wannan wata a kan katako ce. Kada wani ya ce me ya haɗa malamin makaranta da aikin kafinta. Allon da yaro ya ke riƙewa itace ne, bencin da ya ke zaune a kai itace ne, kantar da a ke ɗora littattafai ita ma haka. Wanda ya ke hulɗa da itace safe da yamma kuwa ba a ce ya yi shisshigi in ya tsoma baki.

Dalilin maganar shi ne mun ga samarinmu, har da waɗansu magidanta, sun kama aikin hannu a gidajensu. Ɗakunan ƙasan nan ƙanana ne, iyali kuwa Allah ya yi musu albarka, sai ka ga wannan ya haɗa gadon yara mai hawa biyu, wancan ya yi ma'ajin takalma a bakin ƙofa, wani ya kafa kanta a shagonsa. Abin ya yi mana daɗi ƙwarai. Sabon katako a Leroy Merlin ko Castorama tsada gare shi, kafintan Faransa kuwa kafin ya taka ƙofarka ya riga ya fara lissafi. Saboda haka jama'a suka juya ga katakon da aka yar, kuma ba laifi. Mu ba baƙin wannan sana'a ba ne. Duk wanda ya san Yamai ya san kasuwar Katako, inda tsohuwar ƙofa da tsohon kwano da gwangwani su ke sake samun rai. Mutanen Kano sun san 'Yan Katako ta Na'ibawa, da Ƙofar Ruwa inda a ke samun kayan gini. Turawan ma yanzu sun dawo kan wannan hanya. A nan Stains ɗinmu, ginin da aka gama a 2020 a gonar nan da su ke kira Ferme des Possibles, da itace da ƙasa da karan alkama aka yi shi, tagoginsa kuwa tsofaffi ne waɗanda aka ciro daga gidajen haya na Épinay-sur-Seine. Mai zanen ginin, Frédéric Denise, yabo ya sha a kan abin da kakanninmu su ke yi ba wanda ya tafa musu.

Amma akwai bambanci guda babba. A gida mun san itacenmu da sunansa da halinsa. Mun san aduwa ta allo ce, ƙirya ta turmi da taɓarya, giginya ta azara, don gara ba ta cin ta da sauƙi. Masassaƙi ya sare shi, ya kai gizago, ya kawo kasuwa, ba abin da ya shiga tsakani sai rana da iska. A nan kuwa katakon da ka tsinta a bakin titi ba ka san daga ina ya fito ba. Watakila ya ƙetare teku sau uku, watakila an jiƙa shi da magani, watakila kuma yana da mai shi wanda ya ke nemansa. Don haka mu ke roƙon kowa, kafin katako ya tsallake dokin ƙofarsa, ya yi masa tambaya biyu: na wa ne, kuma me ya sha?

Mu fara da ta farko, don ita ce mutane suka fi raina wa.

Katakon da ya fi yawa a hannun jama'a shi ne palet, watau wannan shimfiɗa ta katako da a ke ɗora kaya a kai don injin ɗaukar kaya ya sa ƙahonsa ya ɗaga. 'Yan kasuwa sun fi mu saninsa. Sai mutum ya bi ta bayan babban kanti da dare ya ga an jibge su, ba mai gadi, ya ce tsintuwa ce. To, a kula. Wanda aka shafa wa shuɗin fenti na kamfanin CHEP ne, ja kuwa na kamfanin LPR ne. Waɗannan ba a sayar da su ko kaɗan, hayarsu a ke bayarwa, ƙirga su a ke yi ɗaya ɗaya, mai kantin da ya ɓatar kuwa shi zai biya. Akwai kuma wanda aka buga wa hatimin EUR ko EPAL a gindinsa, mai tsawon santimita 120 da faɗin 80. Kamfanonin jirgin ƙasa na Turai suka fito da shi a 1961, kuma musaya a ke yi da shi: direba ya sauke goma da kaya, ya ɗauki goma wofi. In ka ɗauke ɗaya, wani talaka ɗan'uwanka, direba ko mai tsaron sito, shi zai amsa tambaya da safe.

Almajirai sun san babin tsintuwa, watau luƙaɗa, a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan. Abin da ya ɓace wa mai shi, in yana da daraja, cigiyarsa a ke yi shekara guda. Abin da mai shi ya yar da gangan, ya juya masa baya, wannan ba laifi a ɗauka. Palet ɗin da ya ke jingine a bayan kanti kuwa bai shiga ko ɗaya cikin biyun nan ba. Bai ɓace ba, ba a yar da shi ba, yana cikin harabar mai shi ne yana jiran mota. Ɗaukarsa sunansa ɗaya, kowa ya san shi, ba sai mun rubuta ba. Malaman mazhabarmu har sun kawo misalin wanda ya ƙwace itacen wani ya sa cikin gininsa, suka ce mai itacen yana da ikon karɓar abinsa ko da sai an rushe ginin. Ashe kuwa ba ƙaramin abu ba ne mutum ya yi kanta da irin wannan katako, sa'an nan ya ɗora Alƙur'ani a kanta.

Hanyar kuwa mai sauƙi ce. Matambayi ba ya ɓata. Akwai palet irin na tafi-da-gidanka, mara nauyi, mara fenti, wanda a ke kawo kaya a kai sau ɗaya ba a komowa ɗaukarsa. Wannan nauyi ne a wuyan mai kanti, sau da yawa biya ya ke yi a kwashe masa. Ka shiga da rana tsaka, ka gai da shugaban wurin, ka roƙa. Galibi da murna zai ba ka, har ya ce ka komo mako mai zuwa. Haka wurin da a ke gini ko rushe gini: kada ka tsallake shinge, ka nemi shugaban ma'aikata. 'Yan kasuwarmu masu shaguna a Château Rouge da Saint-Denis, da na Guillotière a Liyon, ku ma irin wannan palet yana taruwa muku. Maimakon ku bar shi a bakin titi, ku gaya wa sakataren ƙungiya, akwai masu so.

Sai kuma ranar fid da tarkace, wadda Faransawa su ke kira ankombran, ranar da a ke fito da tsofaffin gadaje da kabad a ajiye a bakin hanya motar hukuma ta kwashe. A Stains hukumar Plaine Commune ce ta ke kula da wannan, kuma kowace unguwa da ranarta, mai gadin bene ya san ta. Wannan kam an yar da shi, ba shakka a ciki, sai dai waɗansu garuruwa ba su yarda a riƙa tone kayan ba, a tambaya tukuna. Wanda ya ɗauka kuma kada ya warwatsa saura. A nan a ke samun katako na kirki, irin na tsofaffin tebura da ƙafafun gado da aka yi tun ba a fara ha'inci ba. Amma a nan ne kuma kuɗin cizo ya ke kwanto. Hukumar lafiya ta Anses ta ba da labari a 2023 cewa daga 2017 zuwa 2022 fiye da gida ɗaya cikin goma a Faransa ya sha fama da shi. Sau da yawa abin da ya sa aka fid da gadon ke nan. A duba mahaɗar katako da ramukan ƙusa da fitila. In an ga baƙaƙen ɗige-ɗige kamar an yarfa tawada, a bar shi nan, ko da na zinariya ne. Katifa da kujera mai soso kuwa ba ma maganarsu. Araha ba ta ado, kuɗin mai feshi ya fi kuɗin sabon gado.

Wanda ya ke da 'yan kuɗi kaɗan ya je shagunan Emmaüs, ƙungiyar da ta fara a 1949 a Neuilly-Plaisance, cikin wannan lardi namu na Seine-Saint-Denis. Mutanen Liyon suna da Minéka, wadda aka kafa a 2016, tana Villeurbanne, aikinta tara ragowar kayan gini ta sayar da araha. Samari kuma sun san Leboncoin da Geev a wayoyinsu, inda mutane su ke ba da kaya kyauta ga wanda zai zo ya ɗauka. Wurin zubar da tarkace na hukuma, deshetri, kai kaya a ke yi, ba a ɗaukowa, kada wani ya je ya ja wa kansa magana da ma'aikata.

To, mun sami katako na halal. Saura tambaya ta biyu, kuma a nan mu ke so dattawa su gyara zama, don maganar jikokinsu ce.

Palet ɗin da ya ƙetare iyakar ƙasashe yana da hatimi a jikin ɗaya daga gindayensa. Za ka ga zane kamar zangarniyar alkama, sa'an nan haruffa biyu na ƙasar da aka yi shi, FR Faransa, DE Jamus, CN Sin, sai lamba, sai waɗansu haruffa biyu kuma. Waɗannan na ƙarshe su ne abin dubawa. Tun 2002 ƙasashe suka yi yarjejeniya a riƙa kashe ƙwarin da su ke cikin katakon ɗaukar kaya, don kada su bi jirgi su je su cinye dazukan wata ƙasa. In ka ga HT, da zafi aka kashe su, watau an gasa katakon har cikinsa ya kai digiri 56 tsawon minti 30, ba a sa masa magani ba. In ka ga MB, turara shi aka yi da wata iska mai guba wadda a ke kira metil buromaid. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana aiki da ita tun Maris 2010, amma har yanzu irin wannan palet yana shigowa daga nesa. Mai karatun ajami wanda bai saba da boko ba, haruffa huɗu ne kawai zai riƙe, ya sa yaro ya rubuta masa a takarda ya sa a aljihu. MB kada ya shiga gida, kada a ƙona shi.

Amma kada HT ta ruɗi kowa. Hatimin yana ba da labarin ranar da aka yi palet ɗin ne, ba ya ba da labarin abin da aka ɗora masa daga baya. Wanda ya ɗauki buhunan shinkafa da wanda ya ɗauki durom na maganin ɓera hatiminsu iri ɗaya ne. A duba tabo, a sansana. Mai tabon mai, ko wani launi da ba a gane ba, ko wari mai hawa kai, a ƙyale shi.

Yanzu ga inda abin ya taɓa mu. Allon aduwa ba ya samuwa a nan sai wanda matafiyi ya sako a jaka, ɗalibai kuwa kullum ƙaruwa su ke yi. Saboda haka iyaye suka fara yanka allo da kansu, kuma mun ga alluna iri iri sun shigo makaranta: na palet, na ƙofar kabad, har da na katakon shinge mai ratsin kore. Jama'a, allo ba kamar benci ba ne. Yaro yana rungume shi, yana shafa shi da hannu, ƙarami har baki ya ke kai masa. Kullum a kan wanke shi da ruwa. Sa'an nan kowa ya san al'adarmu, a kan yi rubutu a wanke a ba mara lafiya, ko mai ciki, ko jariri. Duk abin da katakon ya sha, ruwan nan zai ɗebo rabonsa. Mutum ya zo neman waraka a ba shi wankin maganin ƙwari, wannan amana ce a wuyan wanda ya rubuta da wanda ya yanka allon. Mu dai a makarantarmu mun tsai da shawara, allon palet ba ya shiga, ko HT ko ba HT, don ba mu da hanyar sanin abin da ya ɗauka a rayuwarsa.

Katakon nan mai ratsin kore, irin na shinge da dandamalin waje, magani aka matsa masa har cikin ɓargo don kada ya ruɓe, kuma na da, wanda aka yi kafin 2004, sau da yawa akwai gubar arsenik a cikin maganinsa. Ƙofar kabad ta zamani kuwa ba ma itace ba ce, dusar katako ce aka kwaɓa da gam aka matse aka lulluɓe da farar leda. Ruwa ya taɓa ta sai ta kumbura kamar gurasa, ta fara zubar da gari. Sai kuma manyan baƙaƙen katakan da a ke shimfiɗawa ƙarƙashin dogon jirgin ƙasa, masu warin kwalta. Man da aka jiƙa su da shi, kiriyozot, yana cikin abubuwan da su ke jawo ciwon daji, kuma dokar da aka yi a Disamba 2018 ta hana a ba da su ko a yi wani aiki da su. Ko a lambu kada a sa su kusa da abin ci.

To da me za a yi allo? Itacen da muka ga ya fi dacewa shi ne wanda Faransawa su ke kira hêtre. Fari ne mai ɗan ja-ja, da 'yan ɗige-ɗige ƙanana kamar an yayyafa riɗi. Da shi su ke yin cokalin miya da katakon yanka nama da abin wasan jarirai. Jikinsa a matse ya ke, alƙalami yana tafiya a kansa sumul, tawada ba ta nashewa. Katakon palet kuwa galibi mai taushi ne, ga ƙaro yana fita, bakin alƙalami yana tuntuɓe a jijiyarsa, ko ba don guba ba bai dace ba. A je wurin kafintocin unguwa a roƙi guntayen da suka rage, waɗanda ba a shafa musu komai ba, a faɗa musu abin yara za a yi. Guntu mai santimita 40 da 25 ya isa allon mai farawa. In ba a samu ba, sabon katakon yanka nama wanda aka yi da falanki guda, ba haɗe-haɗe ba, kuɗinsa kaɗan ne, a fitar masa da kai da zarto, a goge da samfefa, a wanke, shi ke nan. Kada a shafa masa fenti ko man ƙyalli.

Maganar fenti ta kawo mu ga dalma. Mutanen Nijeriya ba su manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. To, a nan ma akwai ta, a jikin bango da ƙofofi ta ke. Fentin da na Faransa da farar dalma a ke haɗa shi, shi ya sa duk gidan da aka gina kafin 1 ga Janairu 1949 doka ta ce sai an auna shi, a ba mai haya takardar awon tare da takardar haya. Tun wajen 1985 likitocin Faris suka fara gano yara masu wannan cuta, akasarinsu kuwa 'ya'yan mutanen Afirka ta Yamma ne da su ke zaune a tsofaffin benaye. Ɓawon fentin yana da ɗan zaƙi, yaro mai rarrafe ya kan tsince shi ya ci. Dalma ba ta sa zazzaɓi a gane da wuri, ƙwaƙwalwa ta ke taɓawa a hankali, sai a ga yaro ba ya riƙe karatu a ce taurin kai ne. Mu da mu ke biya wa yara karatu wannan magana tana tsaya mana a rai.

Stains tana da tsofaffin gidaje. Unguwar lambuna, Cité-Jardin, tsakanin 1921 da 1933 aka gina ta, gidaje fiye da 1,600, aikin Eugène Gonnot da Georges Albenque. An gyara da yawa cikinsu, amma mai zama a irin wannan gida ya nemo takardarsa ya duba kafin ya kankare kowane bango. Tsohuwar ƙofa ko taga mai fenti hawa hawa da aka tsinto daga inda a ke rushe gini kuwa, kyanta na ido ne. Ka kai mata samfefa a cikin ɗaki, ƙurar ta sauka kan tabarma da kwanon abinci, yara su shaƙa su lasa. Wanda ya riga ya yi haka a gida mai ƙananan yara ko mace mai ciki, ya je asibitin yara na PMI ko wurin likitansa ya faɗa, awon jini ne kawai a ke yi.

Mazauna Clos Saint-Lazare, wadda aka gina tsakanin 1966 da 1970, nasu abin tsoron dabam ne. A zamanin nan a kan sa amiyant cikin tayil na leda da gam ɗinsa da waɗansu bututu, ba a hana shi ba sai 1 ga Janairu 1997. In yana kwance ba a taɓa shi ba, ba ya tashi. Huda shi da kankare shi su ke sakin ƙurar da ta ke lalata huhu bayan shekaru. Kada kowa ya ɓamɓare daɓen ɗakinsa sai ya tambayi ofishin masu gida.

Wannan ofis dai tilas a saba da shi, don yawancinmu haya mu ke yi. Dokar 6 ga Yuli 1989 ta raba abu biyu. Ƙawata gida, kamar kafa kanta ko sake fenti, mai gida ba shi da ikon hanawa. Sauya ginin kansa kuwa, kamar fasa bango ko tayar da wani don a raba ɗaki biyu, sai da yardarsa a rubuce. Mun san abin da ya ke sa mutane raba ɗaki, 'ya'ya maza da mata sun girma, addini ya ce a raba musu makwanci. Amma a yi da kabad mai tsawo ko labule mai kauri, abin da za a iya ɗaukewa. Ran da za ka tashi, za a gwada gidan da takardar da aka rubuta ran da ka shiga, abin da ya ɓaci a cire daga kuɗin ajiyarka na wata guda, in bai isa ba a biyo ka da saura. Ramukan da ka huda ma sai ka toshe su.

Abu ɗaya kuma da ba mu so a yi mana gardama a kansa: kada a tara katako a matakala ko a farfajiyar bene. Ran 26 ga Agusta 2005 gobara ta tashi da dare a wani bene a titin Vincent-Auriol cikin Faris, mutum 17 suka rasu, 14 yara ne, iyalan Afirka ta Yamma. A ƙarƙashin matakala wutar ta fara, kuma bincike ya nuna falankin da aka manna a bangon matakalar, don a rufe fentin dalma, shi ya ba ta abinci ta haye sama nan da nan. Allah ya jiƙansu. Matakala ita ce hanyar fita ta kowa. Wanda ba shi da wurin ajiya ya ɗauko daidai abin da zai yi aiki da shi a makon nan.

Ga waɗanda za su kwance palet, ga abin da muka koya wurin masu yi. Na EUR falanki 11 gare shi, da gindaye 9, da ƙusa 78, ƙusoshin kuwa masu zobe ne, an yi su don kada su fita. Irin na tafi-da-gidanka ma ƙusarsa ba ta da sauƙi. Mai gaggawa da guduma rabin katakon zai tsaga. Akwai ƙarfen ɓamɓare ƙusa wanda Faransawa su ke kira ƙafar barewa, a sa shi kusa da ƙusar a ɗaga kaɗan kaɗan, wannan gefe sa'an nan wancan. In ya ƙi, a yanke falankin da zarto dab da gindi, a haƙura da santimita goma. A cire kowace ƙusa nan take a jefa a gwangwani, kada a bari sai an gama, yara ba takalmi su ke yawo. Katakon da ya kwana a ruwan sama a bar shi ya bushe mako biyu ko uku kafin a haɗa, in ba haka ba zafin ɗaki zai karkatar da shi. Guga da samfefa a waje a ke yi, da ƙyalle a hanci. Kanta ko kabad mai tsawo kuwa a ɗaure shi da bango, don yaro ya kan mai da shi tsani. Gadon yara mai hawa biyu, mu a ganinmu, ba aikin mai koyo ba ne, a sami wanda ya iya ya duba kafin a hau.

A kula da maƙwabta. Kowane gari da sa'o'in da ya yarda a yi bugu da huda, ran Lahadi galibi sa'a biyu ne kawai da hantsi, a tambaya a ofishin magajin gari ko a duba allon sanarwa na bene. Guntayen da suka rage a kai deshetri. Mai zubarwa a bakin titi tararsa yuro 135 ce, in da mota ya kawo tana iya kaiwa 1,500. Kuma in Babbar Salla ta zo, kada a ga guntayen katako a ce an sami makamashin gasa nama. Mai fenti da mai ratsin kore da na dusa duk hayaƙinsu guba ne, naman kuwa shanye shi ya ke yi. A sayi gawayi.

'Yan kasuwa masu aika kaya gida ta jirgin ruwa, ku ma da taku. Akwatin da kuka haɗa da kanku da katakon palet ba shi da hatimin nan mai zangarniya, ƙasashe da yawa kuwa suna nemansa a tashar jirgi. Ku tambayi wakilin da ya ke yi muku takardu tun kafin ku buga ƙusa.

Ƙungiya ta sayi zarto biyu da injin huda bango ɗaya da ƙafar barewa, suna wurin ma'aji, mai bukata ya rubuta sunansa ya ɗauka, ya komo da su cikin kwana uku. Iyayen da suka yanka wa 'ya'yansu allo a gida kuma muna roƙo su turo su da shi ran Asabar bayan azahar mu duba. Wanda ba mu yarda da nasa ba, akwai guda goma sha biyu na hêtre da wani dattijo ya ba da sadaka, za a ba shi ɗaya ya riƙe kafin a yanka wani.